Tuwon Inna Bai Huce Ba

Gidanmu yana unguwar Uhudu, a layin da ke bayan rumfunan masu sayar wa baƙi dabino da carbi. Bene ne da mahaifinmu ya gina kafin ya rasu, kuma idan ka hau saman soro dutsen Uhudu yana gabanka, ja wur kamar an gasa shi. A can saman, kusa da tankin ruwa, akwai wani ɗan ɗaki da aka yi don ajiye tarkace. Ƙanena ya kwashe tarkacen ya cusa a ƙarƙashin matakala, ya bi bangon ya manna kwalayen ƙwai, ya ce daga ranar a daina kiran wurin sito, a ce situdiyo.

Mu uku ne a gidan: Inna, da ni, da shi. Kakanninmu daga ƙasar Hausa suka taso suka zo aikin hajji, ba su koma ba. Inna a nan Madina aka haife ta, amma Larabcinta na kasuwa ne da asibiti. Faɗa, da sa wa 'ya'ya albarka, da kiran cin abinci, duk da Hausa take yi. Ni da Hausa nake amsa mata. Ƙanena kuwa yana jin komai sarai, sai dai da Larabci yake mayarwa tun yana yaro. Saboda haka duk maganar da zan ce ya faɗa a nan, da Larabci ya faɗe ta, ni ce na juya.

Lokacin da abin ya faru ya haura talatin, yana aiki a wani otal a tsakiyar gari, wajen karɓar baƙi, inda ake turo masa duk alhajin da ya zo daga Najeriya ko Nijar ya ɓatar da makullin ɗakinsa. Idan ya tashi daga aiki sai ya wuce sama. Yana da aboki guda da suke waƙa tare, wani siriri mai tabarau, ma'aikacin ofishin ruwa, wanda kakanninsa suka zo daga Buhara kamar yadda namu suka zo daga Hausa. Irin mawaƙan nan ne da ba su da kamfani, ba su da ubangida, a ɗaki suke haɗa abinsu su ɗora a intanet. Kuma suna da aƙida guda da ba sa wasa da ita: ba amshi. Mai tabarau ya taɓa yi mini bayani a bakin ƙofa, yana riƙe da takalminsa a hannu, cewa duk waƙar da mutum zai iya rerawa bayan ya ji ta, ba waƙa ba ce, talla ce. Ya ce amshi tarko ne da ake ɗana wa malalatan kunnuwa. Na ce to.

Na taɓa sauraron ɗaya daga cikin waƙoƙinsu don zumunci. Ta fara da ƙarar ruwa yana zuba a tanki. Can sai aka taɓa tsarkiya guda ta udu, garayar nan ta Larabawa, aka yi shiru mai tsawo, har na ɗauka wayata ce ta mutu, na jijjiga ta. Sai ƙanena ya yi wata magana ƙasa-ƙasa game da tantabaru. Daga nan ruwan ya ci gaba. Da na gaya masa ban iya tuna komai daga ciki ba, sai fuskarsa ta washe, ya ce, "Na gode, Yaya." Masu sauraronsu gaba ɗaya motar haya guda za ta kwashe su, har da wani mutum a wata ƙasa mai sanyi da ke rubuto musu dogon sharhi da yaren da ba wanda ya iya karantawa.

Inna ba ta hawa sama saboda gwiwoyinta. Ba ta san me ake yi a can ba, ta dai san ana ƙona wuta. Ran Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, takan tuƙa tuwo da miyar kukar da alhazai ke kawo mata tsaraba, ta mulmula, ta nannaɗe a leda, ta jera a kula. Sannan ta tsaya a gindin matakala, hannu ɗaya a ƙugu, ta ɗaga kai ta kira ɗanta. Matakalarmu ƙunci gare ta da tsawo, murya in ta shiga sai ta yi ƙara kamar a cikin rijiya. Kiran kuwa ba ya canzawa: "Sauko mana. Sauko mana, tuwo ya huce."

Wata Juma'a suna tsakiyar ɗaukar wata waƙa a kan kaɗaici, mai tabarau ya ɗora yatsa a kan tsarkiya yana jiran lokacin taɓa ta, sai kiran Inna ya hau matakala ya shiga makirufo. Mai tabarau ya cire abin kunne ya ce an lalata aikin yini guda, ya tafi gida. Ƙanena ya zauna zai goge wurin, sai ya ji wani abu. Kiran yana hawa yana sauka daidai, kamar an auna shi. Ya yanko shi, ya maimaita shi, ya sa masa ganga da tafi a ƙasa, ya tura wa abokin don kawai ya tsokane shi. Mai tabarau ya tura wa ƙanwarsa don ta ga irin ƙasƙancin da mutum kan iya faɗawa ciki. Ƙanwar ta tura wa ƙawayenta na jami'a, ba ta haɗa da bayanin ƙasƙancin ba.

Ni ban san da wannan ba. Ina aiki a wani asibitin haƙori, ni ce a teburin gaba mai ba da lamba da amsa waya. Wata safiya wata Balarabiya ta fito daga ɗakin likita an cire mata haƙori, kumatu a cike da auduga, rabin bakinta a mace. Tana jiran takardar magani sai na ji tana gunguni tana buga yatsa a kan teburina. Kalmomin ba sa fita, amma hawa da saukar na san su tun ina goye. Na ɗago na dube ta. Ta ce da ni, ta gefen bakin da ke aiki, in yi haƙuri, abin ya maƙale mata a kai tun jiya, ko allurar likita ba ta fitar da shi ba. Ta kunna mini a wayarta. Muryar uwata ta cika ɗakin jira, da ganga a ƙarƙashinta. Wani dattijo mai ciwon dasashi ya fara kaɗa ƙafa.

Da na dawo gida na hau sama ban ko cire abaya ba. Na tarar da ƙanena zaune a ƙasa, waya a gabansa tana ta ƙyalli, ya riƙe kai da hannu biyu. Ya ce, "Yaya, wasa na yi." Ya ce ya gwada komawa kan waƙar kaɗaicin, amma duk shirun da ya bari, kansa yana cike shi da tuwo. Mutumin ƙasar sanyi ma ya rubuto, a karon farko gajere, hoton fuska mai baƙin ciki kawai.

Ba a daɗe ba ta cika gari. A motar haya kana jin ta, a shagon shawarma kana jin ta. Ni kaina, da na girma da kiran nan bai taɓa damuna ba, sai ga shi ina wanke kwanuka ina kaɗa kai. Larabawa ba su san ma'anar ba, sai suka yi mata tasu. Sun ji "sauko" ya yi musu kama da shauƙi, sun kuma ji "ya huce", su kuwa a wurinsu "ya" kiran mutum ne. Sai suka yanke cewa waƙar soyayya ce, wata baiwar Allah ce ke kiran wani mai suna Huce. Na ga mota an rubuta "ya Huce" a gilashin baya. Likitar da nake wa aiki ta kira ni ofis, ta rufe ƙofa, ta tambaye ni, tunda ni 'yar asalin can ce, ko shi Hucen nan ya dawo ko bai dawo ba. Na ce mata yakan dawo idan an ɗumama. Ta gyaɗa kai a hankali, ta ce haka maza suke.

Mutanenmu kuwa, 'yan Najeriya da Nijar masu aiki a otal-otal da gidajen wanki da wajen shara, sun san abin da ake cewa, kuma shi ya sa suka riƙe ta. Ƙanena ya ce wata rana ya leƙa ɗakin wanki na otal ɗinsu ya tarar da wani Badamagare, ƙaton mutum mai furfura a gemu, yana ninke zannuwan gado yana sauraro, hawaye na bin fuskarsa. Ya tambaye shi lafiya. Mutumin ya ce lafiya lau, kawai ya daɗe ba a kira shi cin tuwo ba. Ƙanena bai gaya masa shi ya haɗa waƙar ba. Ranar da ya dawo bai hau sama ba, ya zauna a kicin yana kallon Inna tana yanka albasa, har ta tambaye shi ko an kore shi daga aiki ne.

Mai tabarau ya zo da kansa ya kwashe kayansa. Ya tsaya a tsakiyar falo, udu a rataye, igiyar wuta a naɗe a hannu, ya yi jawabi. Ya ce ya daɗe yana ganin alamun annobar. Mawaƙan ɗaki na Jidda da Riyad da Alƙahira, waɗanda a da suke alfahari ba a iya rera waƙarsu, duk sun fara sulalewa suna komawa amshi ɗaya bayan ɗaya, suna cewa wai ba laifi ba ne mutum ya ji daɗi. Ya ce bai taɓa zaton cutar za ta iso Madina ba, balle ta hawo ta wannan matakalar. Ƙanena ya tuna masa cewa ta hannunsa ta fita. Ya ce wannan ne ya fi yi masa ciwo. Inna, da ta ɗauka a kan yarinya suke faɗa, ta zuba masa abinci a roba ta ce ya tafi da shi, kuma ya kwantar da hankalinsa, 'yan mata ba su ƙare ba.

Muka ɓoye wa Inna. Da farko ba wuya, don wayarta saƙon murya kawai take yi da ita. Maƙwabta ne suka fara sa ta tsargu. Benen da ke jikin namu direbobin motocin ziyara ne ke haya a ciki, yawancinsu Hausawa. Wata Juma'a ta tsaya a gindin matakala ta ce, "Sauko mana," kafin ta ja numfashi sai muryoyin maza suka amsa ta taga gaba ɗaya, har da mai buga murfin tukunya: "Tuwo ya huce." Inna ta tsaya cak. Ta dube ni. Na ce ƙila yunwa suke ji. Ta cika kwano ta ce in miƙa musu. Suka karɓa da hannu biyu, ɗayansu ya ce in gaida Hajiya, in gaya mata matarsa a Maraɗi ma tana sonta ƙwarai. Ban isar da saƙon ba.

A wajen suna asirin ya tonu. Jikar wata ƙawarta ce ta haihu a Ranuna, can wajen Ƙuba, muka je bayan la'asar. Tsofaffi suna zaune a jere jikin bango da kofunan shayi, 'yan mata suna tsakiya da sifika. Aka yi waƙoƙin Larabawa, aka yi na Sudan, sai wata ta ce a sa ta Huce. Ina can wajen takalma, na taho da sauri in fitar da Inna, amma kafin in ƙaraso ganga ta fara. Ɗakin ya tashi. 'Yan matan da ko gaisuwa ba sa iya yi da Hausa suna ta "sauko mana" da lafazi tsaf. Tsofaffin kuwa ba wadda ta motsa. Shekara da shekaru suna jin wannan muryar a waya, da gidan biki, da gidan mutuwa. Duk suka juyo a tare suka dubi Inna. Kofin shayinta ya tsaya tsakanin faranti da baki, bai ƙarasa ba.

Ƙawar tata, uwar gidan, ta matso ta dafa mata gwiwa, ta ce cikin tausayi, "Hajiya, ashe haka kike fama? Ai da kin faɗa. Akwai wata kula da nake da ita, tana riƙe zafi."

Inna ta ajiye kofin ta ce in kira mota.

Muka kama hanyar gida. Direban ɗan Pakistan ne. Muna kan babban titin da ya kewaye gari wayarsa ta yi ƙara, kuma da muryar Inna ta yi. Ya bar ta ta ɗan yi kafin ya ɗauka, don yana son wurin.

Ni duk tunanina maganar murya za ta yi: dattijuwa kamarta, a garin Manzo, muryarta a aljihun kowane namiji da ganga a ƙarƙashi. Na shirya ba ta haƙuri a kan wannan, har na tanadi kalmomi. Muka tarar da ƙanena a falo. Ta zauna ba ta cire mayafi ba.

"Kai ne?"

Ya ce shi ne, ya fara bayanin yadda tsautsayi ya sa.

"Ban tambaye ka tsautsayi ba. Ka taɓa cin tuwona da sanyi?"

Ya ce bai taɓa ba.

"Ubanka ya taɓa?"

Ya ce bai sani ba, amma ba ya zato.

"To me ya sa ka gaya wa duniya tuwona yana hucewa?"

Na sa baki na ce, "Inna, ai ke kika faɗa."

Ta juyo kaina. "Na faɗa don ya sauko. Kowace uwa haka take faɗa. Tuwon yana cikin leda, ledar tana cikin kula, kular a rufe. In ka buɗe, tururi sai ya ƙona maka fuska. Yau ga shi wadda ko ruwan shayi ba ta iya tafasawa tana yi mini tayin kula a gaban mutane."

Na ce, "To maganar muryarki fa?"

"Muryata me ta yi? Mai gas ya san ta, mai kayan miya ya san ta. Sunana aka ɓata."

Ta ce a goge waƙar. Ƙanena ya yi mata bayani cewa ta riga ta shiga wayoyin mutane, ko ya goge tasa ba ta goguwa. Ta yi tunani, ta ce, "To a gyara. Inda aka faɗi ƙaryar, a nan za a faɗi gaskiyar."

Washegari da hantsi ta ce a kai ta sama. Rabonta da saman soro tun mahaifinmu yana da rai. Ƙanena yana gaba yana ja, ni ina baya ina turawa, muna hutawa a kowace kwana, tana faɗin laifin wanda ya tsara matakalar, tana kuma nema masa rahama. Da muka isa ta tsaya ta daɗe tana kallon dutsen. Sannan ta shiga ɗakin, ta dubi kwalayen da ke bango, ta tambayi ina ƙwan suka tafi. Aka zaunar da ita a kujera, aka ɗora mata abin kunne a kan ɗankwali.

Ƙanena ya yi ƙoƙarin ba ta shawara. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana zagin amshi, shi ne yau yake roƙon uwarsa ta zaɓi gajeriyar magana guda mai daɗi ta yi ta maimaitawa, in tana so mutane su ji. Ta ce ita ba ta maimaita magana, da shi kaɗai take yi, don ba ya ji. Ta ce kuma kada a sa mata ganga.

Ta yi sallama ta fara. Ta ce tana magana ne da duk wanda labarin ƙarya ya iso masa. Ta faɗi yadda take tankaɗe gari, da yadda take yin talge, da yadda take tuƙawa har muciya ta tsaya da kanta. Ta faɗi inda kukarta ke fitowa, da dalilin da ya sa ba ta yarda da daddawar kowa ba. Daga nan ta shiga tarihin nawar ɗanta, tun daga haihuwarsa, yadda ya wuce lokacinsa a ciki har ungozoma ta gaji ta tafi ta dawo. Ta ratse ta yi maganar mahaifinmu, yadda yake cin tuwo yana hura yatsu yana cewa ta rage wuta. A nan ta yi shiru, ba abin da ake ji sai ruwa yana zuba a tanki. Ni ma da ke bakin ƙofa na sunkuyar da kai. Can ta share hanci ta ce tankin nan ma yoyo yake, ba wanda ya kula. Ta koma kan tuwo. Har aka kira azahar tana ciki. Ta rufe da cewa duk mai shakka, ƙofa a buɗe take ran Juma'a.

Ƙanena ya ɗora gyaran a intanet yadda yake, ko tari bai yanke ba. Wannan karon ba wanda ya tura wa kowa. A motocin haya aka ci gaba da kiran Huce. Inna tana tambayata ko mutane sun ji gyaran, ina cewa suna ji a hankali.

Mutum biyu na san sun saurara har ƙarshe. Na farko mai tabarau ne. Ya dawo da udunsa a rataye, idanu jajur, ya tsaya a bakin falo ya sunkuyar da kai gaban Inna. Ya ce, "Hala," wato Gwaggo da Larabci, "tun da nake ban taɓa jin abin da ya kai wannan ba. Ba wuri guda da mutum zai iya rerawa. Shirun nan na tsakiya, da tankin..." Bai iya ƙarasawa ba. Inna ta tambaye ni me yake nufi. Na ce yana nufin ya yarda tuwon da zafi yake. Ta ce ai shi ya sha ci, shaidarsa ba ta da nauyi.

Na biyun ya zo Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko daga masallaci. Wani dattijo ne dogo, cikin farar jallabiya mai faɗi da rawani irin na Sudan, da sanda a hannu. Hausarsa ta can ce, ta mutanenmu da suka zauna a Sudan kafin su ƙetaro. Ya gaya wa ƙanena cewa a da direban tankar ruwa ne, yanzu ya ajiye aiki, yana zaune wajen 'yarsa a bayan makabartar shahidai. Jikokinsa sun ishe shi da waƙar farko, kuma tun a lokacin zuciyarsa ba ta yarda ba. Da aka kunna masa gyaran ya saurara har ƙarshe, ya ji an ce ƙofa a buɗe take. Ya ce shi ba mai shakka ba ne, amma magana irin wannan tana bukatar shaida daga waje.

Aka yi masa shimfiɗa a ɗakin baƙi. Inna ta ƙara wa miyar wuta ko da yake tafasa take, ta ciro malmala daga can ƙasan kula. Ni na kai har bakin ƙofa, kwanon yana ƙona mini hannu ta cikin tsumma. Dattijon ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya tsoma yatsu. Ƙanena ya ce ya ga lokacin da idon mutumin ya kawo ruwa. Bai janye hannun ba, bai hura ba. Ya ci yana gumi, gefen rawanin ya jiƙe, har ya share kwanon. Inna tana bayan labule.

Ta ce, "Malam, yaya ka gani?"

Ya ɗauki lokaci kafin harshensa ya dawo. Ya ce, "Hajiya, an zalunce ki."

Na ji ajiyar zuciyarta daga inda nake tsaye. Ta ce a ƙaro masa. Ya buɗe baki zai ce a bari ya ɗan huce, sai ya tuna inda yake, ya miƙo kwanon.

Bayan shayi ya gyara zama ya tambayi ƙanena ko ɗakin nan na sama na 'yan gida ne kawai, ko bare ma yana iya hawa. Ya ce shi ma yana da maganar da ta daɗe tana cinsa. Wata babbar salla, tun yana saurayi sabon zuwa, aka ba shi wuƙa ya yanka rago a gaban dangin matar da zai aura, sai aka ce wai ya suma. Ya ce bai suma ba. Zama ya yi da sauri, kuma akwai dalili. Waɗanda suka ga abin yawancinsu sun rasu, amma labarin yana nan, har jikokinsa in za a yi yanka sai su janye shi gefe su kawo masa kujera. Yana so a ɗauka a ajiye yadda abin ya faru.

Mai tabarau, da ke gefe yana shan shayi, ya miƙe tsaye ya ce yanzu ma ana iya farawa.

Labari ya bi tsofaffin unguwa. Wata ta zo kan shinkafar wani biki da aka ce ita ta ƙona, alhali angon bikin yanzu har ya yi ritaya. Wani tsohon tela ya zo ya bayyana cewa wandon da ya ɗage ba shi ya auna ba. Har ƙawar Inna mai kula ta taso daga Ranuna, wai a san da kyakkyawar niyya ta yi tayin. Inna ta gaishe ta da fara'a, ta nuna mata matakalar, ta bar ta ta hau ita kaɗai. Waɗanda gwiwa ta hana, ƙanena da mai tabarau sukan ɗora su a kujerar roba su ɗaga, suna haki, tsohon yana sama yana ba da umarni. Ba mai son ganga a cikinsu, ba mai maimaita komai. Mai tabarau ya ce bai taɓa jin daɗin rayuwa irin na bana ba. Har ya yi kumatu.

Waƙar Huce ta yi zamaninta ta wuce, wata ta wasu 'yan Jidda ta maye gurbinta. Wani kamfani ya nemi ƙanena ya ƙara yin irinta, ya tambayi Inna ko za ta sake kiran wani abu a matakala, ko da shara ce ko wanki. Ta ce ya je ya nemi uwar da ba ta da sunan karewa.

Dattijon kuwa yana nan yana zuwa duk Juma'a. Ya ce ba za a fahimci dalilin zaman da ya yi ba sai an san daga inda ya fito, don haka ya faro daga ƙauyen da aka haife shi a bakin kogi, da jakin mahaifinsa, da wata shekara da fara ta cinye dawa. Yakan ci abinci, ya sha shayi, ya hau da sandarsa, ba ya yarda a ɗauke shi a kujera, ya yi ta magana har la'asar. Makon jiya na tambayi ƙanena ina aka kwana. Ya ce sun shiga jirgin ruwa, amma teku ta tashi, kuma akwai wani mutum a jirgin mai buhun albasa da dattijon ya ce sai an san shi tukuna. Ragon dai ko sayensa ba a yi ba.